TARIHI: Richard Feynman, masanin da ya hango kwamfutar kwantam tun 1981

An haifi Richard Feynman a birnin New York na Amurka ranar 11 ga Mayu, 1918. Ya karanci kimiyyar fiziks a MIT, ya yi digirin digirgir a Jami'ar Princeton a 1942. Yana matashi ya shiga aikin ƙera bam ɗin nukiliya na farko a Los Alamos, inda ya jagoranci masu lissafi da injinan IBM. A 1965 ya ci kyautar Nobel tare da Julian Schwinger da Sin-Itiro Tomonaga.

A wani taro da MIT ta shirya a 1981, ya bayyana dalilin da kwamfutar yau da kullum ke gazawa wajen kwaikwayon halayyar ƙwayoyin zarra: duk ƙwaya ɗaya da aka ƙara, lissafin sai ya ninka. Shawararsa ita ce a gina na'urar da ita kanta ke bin dokokin kwantam, wato dokokin da ke tafiyar da waɗannan ƙwayoyi.

Yau an ƙera irin na'urar, sai dai tsara lissafi a takarda daban, gudanar da shi a kanta daban. Ma'ajin bayaninta, da ake kira kubit, a yawancin injinan IBM da Google da maƙwabtansa kaɗai yake hulɗa, kuma yanayinsa kan lalace cikin ƙiftawar ido. Dole manhaja irin Qiskit ta fassara lissafin zuwa 'yan umarnin da injin ya sani, ta zaɓa wa kowane kubit mazauni, ta taƙaita matakai, domin kowane mataki na ƙara kuskure.

Wannan giɓi tsakanin takarda da ƙarfe shi Feynman ya bankaɗo a 1986, bayan kumbon Challenger ya tarwatse da mutum bakwai. Yana cikin kwamitin bincike, ya tsoma robar toshe haɗin roka cikin ruwan ƙanƙara a gaban kyamarori, aka ga sanyi na sandarar da ita. Ya gano shugabannin NASA na ƙiyasta haɗari ɗaya cikin tashi 100,000, alhali injiniyoyinsu na ganin kusan ɗaya cikin 100. Ya dage sai da aka buga bincikensa a ƙarshen rahoton.

Ya rasu a Los Angeles ranar 15 ga Fabrairu, 1988, bayan fama da ciwon daji, yana da shekara 69.