Taƙaitaccen Tarihin Wazirin Sakkwato Junaidu ɗan Buhari (1906–1997), Mai Tsaron Nasabar Gidan Shehu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Ƙadirawa mahalarta wannan taro mai albarka, mun zaɓi mu tunatar da juna a bana rayuwar wani bawan Allah wanda ya ƙarar da kwanakinsa yana tattara takardun magabata, domin kada jikoki su manta da sunayen kakanninsu. Shi ne Wazirin Sakkwato Junaidu, Allah Ya jiƙansa da rahama.

Haihuwarsa da Nasabarsa

An haife shi a birnin Sakkwato a shekarar 1906. Mahaifinsa shi ne Waziri Muhammadu Buhari ɗan Ahmadu ɗan Waziri Giɗaɗo ɗan Laima. Giɗaɗo kuwa aminin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne kuma wazirinsa, shi ne mijin Nana Asma'u 'yar Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya ƙara masa yarda. Ta wannan hanya Junaidu ya haɗa nasaba da Shehu.

Ya zo duniya shekara 3 bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a 1903. A wannan shekara ce Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira gabas har ya yi shahada a Burmi, sauran jama'arsa suka wuce Sudan suka zauna a Mai Wurno. Dangi suka rabu, wasu gabas wasu yamma. Wasiƙun da aka samu a gidan Waziri Buhari ma sun shiga hannun Turawa, daga baya aka fassara su aka buga a 1927. Mahaifinsa ya rasu a 1910, ya bar shi yana ɗan shekara 4, ya tashi maraya a hannun manyan gidansu.

Karatunsa da Aikinsa

Ya yi karatun allo da na littattafai a zauruka bisa al'adar Sakkwatawa, daga cikin malamansa akwai Malam Abubakar Bube. Ya ƙware a nahawu da lugga da fiƙihu da waƙa, kuma ya mallaki Larabci da Fulatanci da Hausa, wato harsuna ukun da malaman jihadi suka yi rubutu da su. Wannan shi ne mabuɗin aikinsa na tarihi, domin wanda bai haɗa ukun ba wani ɗaki na takardun nan zai zauna masa a kulle. Ya koyar a Makarantar Midil ta Sakkwato a shekarun 1930, sannan a 1948 Sarkin Musulmi Abubakar na uku ya naɗa shi Waziri bayan rasuwar yayansa Waziri Abbas. Ya riƙe wannan sarauta shekara kusan 49.

Yadda Ya Bi Sawun Magabata

Gidan Waziri tun zamanin Giɗaɗo shi ne ma'ajiyar wasiƙun da ke kai da komo tsakanin Sarkin Musulmi da sarakunan gabas irin su Kano da Zazzau. Junaidu ya gaji abin da ya saura, ya ƙara da neman wasu littattafai da sa a kwafe su, har ɗakin karatunsa ya zamo ɗaya daga cikin mafiya girma na rubutun hannu a ƙasar nan.

Irin waɗannan takardu su ne shaidun mai binciken nasaba. Shehu Abdullahi na Gwandu ya jera malamansa da danginsa a cikin Ida'un Nusukhi. Muhammadu Bello ya kammala Infaƙul Maisuri a 1812. Giɗaɗo ya tara karamomin Shehu da sunayen jama'arsa a Raudul Jinani. Nana Asma'u ta yi marsiyyoyi ga 'yan'uwanta, takan rufe waƙa da ramzi, wato haruffan da lissafinsu ke ba da shekarar da aka yi ta. Magwafin littafi yakan sa sunansa da na mahaifinsa a ƙarshe, wasiƙa tana ɗauke da hatimin mai ita, ijaza kuwa tana jera malami daga malami. Kowace takarda guntun labari take bayarwa, sai an gwama ta da 'yar'uwarta sannan gaskiya ta fito.

Wannan gwamawa ita ce aikin Waziri. Sunan shahararren littafinsa, Dabɗul Multaƙaɗati, yana nufin daidaita tsintattun labarai da suka warwatsu a cikin wallafe-wallafe. Shi ne aka buga da Hausa a Zariya a shekarun 1950 da sunan Tarihin Fulani. Mai karanta irin wannan aiki zai ga asalin gidan Shehu tun daga Musa Jakollo wanda ya taso da Toronkawa daga Futa Toro ya sauka Ƙwanni, har zuwa haihuwar Shehu a Maratta a 1754, da zaman Ɗegel, da hijira zuwa Gudu a 1804, da wafatinsa a Sakkwato a 1817. Ya keɓe Nailul Arabi ga sha'anin nasaba, ya rubuta Arfur Raihani a kan Shehu da waɗanda suka shahara cikin 'ya'yansa. Bai tsaya ga takarda kaɗai ba: ya wallafa Is'afuz Za'irina domin mai ziyara ya san makwantan waliyyai da salihan bayi, ya yi wani littafi a kan garin Ɗegel, wani kuma a kan sarakunan Gwandu. Ya rubuta labarin tafiye-tafiyensa, har da ta Agadas da ta Iraƙi, ƙasar da Sidi Abdulƙadir Jilani yake kwance, Allah Ya tsarkake sirrinsa.

Karamcinsa ga Masu Bincike

Bai kulle taskarsa ba. Murray Last ya zauna a gidansa yana nazarin takardun, ya fitar da littafinsa a kan Daular Sakkwato a 1967. Jean Boyd ta samu waƙoƙin Nana Asma'u a gidansa, ajiye cikin gafaka, daga nan aka fassara su duniya ta san su. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa, kuma Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Sakkwato an sa mata sunansa.

Rasuwarsa da Darasi Gare Mu

Allah Ya karɓi ransa a watan Janairu 1997, yana da shekara 90 da 'yan kai.

'Yan'uwa, mu mutanen silsila ne. Muridi ba ya karɓar wuridi sai ya san daga wa shehinsa ya karɓa, har a kai ga Sidi Abdulƙadir. Wanda ya san darajar wannan sarƙa bai kamata ya yi sakaci da sarƙar iyayensa ba. Ba don alfahari ake neman nasaba ba, domin fifiko a wurin Allah da taƙawa yake. Ana nemanta ne don a sada zumunci, a raba gado bisa gaskiya, a san wanda za a yi wa addu'a da sunansa.

A yau akwai gidaje da yawa a Sakkwato da Wurno da Gwandu da ke da gafaka a rataye, gara da danshi suna cin abin da ke ciki. Duk takardar da ta lalace, sunan wani kaka ya tafi ke nan. Saboda haka kowa ya koma gida ya duba abin da aka bar masa. A kai wa malamin da ya iya karatun tsohon rubutu, a ɗauki hotonsa, a zauna da dattawa tun suna raye a rubuta abin da suka sani, a kuma bambanta abin da takarda ta tabbatar da abin da aka ji a baki. Wanda ke son faɗaɗa bincike, ga Hukumar Tarihi nan cikin gari, ga kuma Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna.

Allah Ya gafarta wa Waziri Junaidu, Ya haskaka makwancinsa, Ya sada mu da albarkar Shehu da jama'arsa. Amin summa amin.