Malam Muhammadu Bakatsine, Mai Hisabi, Da Amininsa Na Masar

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, yau za mu kawo muku labarin wani malami ɗan ƙasarmu wanda mutanen Masar suka fi mu sanin darajarsa, watau Malam Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafillace, Bakatsine, wanda littattafan Larabci su ke kira Alfulani Alkashinawi.

A ƙasar Katsina ya tashi. Ya ɗauki karatu wurin malamai da dama, cikinsu har da Shaihu Muhammadu Alwali na Bagarmi. A wajen shekara ta 1730 ya sauke farali, ya ɗan zauna Makka, sa'an nan ya wuce Alƙahira. A can Allah ya haɗa jininsa da na Shaihu Hasan Aljabarti, masanin fiƙihu da ilmin falaki, wanda kakanninsa suka fito daga wajajen Habasha. Shaihu Hasan ya sauke shi a gidansa, kuma duk da girman nasa ilmin bai ji nauyin zama gaban baƙon ba, ya ɗauki ilmin aufaƙi daga gare shi.

Aufaƙi shi ne abin da mu ke kira hatimi. Wanda ya zauna zauren malamai, ko a Katsina ko nan Kakuri da Makera, ya sha ganinsa a bayan allo. Amma kaɗan ne su ka lura da lissafin da ke ciki. Ɗauki hatimi mai gida 9, ka zuba 1 har zuwa 9, ka aje 5 a tsakiya. In ka jera sauran daidai, kowane layi ka haɗa, a tsaye ko a kwance ko a karkace, 15 zai ba ka. Mai gida 25 ya kan ba da 65, mai gida 49 kuwa 175. Dalili shi ne, in ka ɗauki adadin da ke tsakiyar jerin ka riɓa shi da yawan gidajen layi ɗaya, jimlar ke nan: 5 sau 3, 13 sau 5, 25 sau 7. Hanyoyin cika irin waɗannan hatimai masu gidaje mara, ba da lalube ba, su ne Malam ya bayyana cikin littafinsa Bahjatul Afaƙ, wanda ya gama wajen 1732. Ya kuma wallafa Addurrul Manzum a kan taurari da ɗalasimai, da waɗansu a kan manɗiƙi da nahawu.

A ganinsa, haruffa da adadi amana ce a ajiyar Ubangiji, ba ta buɗuwa sai ga wanda ya cancanta. Saboda haka ya gargaɗi almajiri kada ya yanke ƙauna in lissafi ya cije masa, ya yi ta naci kamar yadda mai so ya ke naci ga abin sonsa. Ya kuma hore shi da aiki a ɓoye, kada ya baza sirrin a gaban kowa. Gargaɗin farko ba mai musunsa. Na biyun kam, a namu ra'ayi, ya jawo mana hasara, don ɓoyon nan ne ya sa zanen ya wanzu a hannun masu tsubbu, ƙa'idar kuwa ta bi masu ita kabari, har yaranmu na makarantun boko su ke zaton Turawa ne suka zo mana da lissafi. Sai ga shi wata malama Ba'amurkiya, Claudia Zaslavsky, ita ce ta tallata aikinsa ga duniya cikin littafinta na 1973 a kan ƙidayar mutanen Afirka.

Malam bai komo gida ba. Ajali ya riske shi a gidan Shaihu Hasan a shekara ta 1154 ta Hijira, watau 1741, bayan ya yi masa wasiyya da littattafansa. Aminin ya riƙe amana, ya rufe shi a maƙabartar malamai ta Alƙahira, ya gina kabarin, ya rubuta shekarar rasuwarsa a jiki. Ɗansa Abdurrahman Aljabarti, babban marubucin tarihin Masar, an haife shi fiye da shekara 10 bayan wannan, bai ga Bakatsinen da idonsa ba, amma ya sa shi cikin manyan malaman da ya lissafta a tarihinsa. Allah ya jiƙansu baki ɗaya, amin.