Ian Curtis

Ian Kevin Curtis (15 ga Yuli, 1956 – 18 ga Mayu, 1980) mawaƙin Ingila ne, jagoran ƙungiyar Joy Division kuma marubucin waƙoƙinta. A Macclesfield ya tashi.

A 1979 ƙungiyar ta fitar da kundinta na farko, Unknown Pleasures, ƙarƙashin Factory Records, ƙaramin kamfani mai zaman kansa a Manchester. A shekarar ne likitoci suka tabbatar yana da farfaɗiya. Takan kayar da shi har a kan dandamali, wasu 'yan kallo kuwa su ɗauka salon rawarsa ne.

Ya kashe kansa yana da shekara 23, ana gobe za su tashi rangadinsu na farko a Amurka. Bayan wata biyu kundin Closer ya fito, sauran ukun suka ci gaba da sunan New Order.