Gama: Ɗan kokowar da ya yi shekara 50 bayansa bai taɓa ƙasa ba

A Nijar kowa ya san cewa sarkin kokowa ba ya yin suna shi kaɗai. Tun da aka fara gasar takobin ƙasa a Tawa a shekarar 1975, da wuya a ambaci Kantu na Maraɗi ba a haɗa da Salma Ɗan Rani na Doso ba. Ko a lokacin da Diffa ta karɓi gasar a ƙarshen shekarar 2022, abin da ya fi jan hira a majalisu, daga cikin gari har ƙauyukan bakin Komadugu, shi ne wa zai iya tare wa Issaka Issaka hanya. Haka abin yake a ƙasar Indiya, inda kokowar ƙasa take da daɗaɗɗen tarihi. A can aka yi Gama, mutumin da ya shafe fiye da shekara 50 a fage ba tare da an kayar da shi ba, wanda kuma abokan karawa biyu suka gina masa suna.

Maraya a gidan ƴan kokowa

Sunansa na yanka Ghulam Muhammad Bakhsh. An haife shi ranar 22 ga watan Mayu 1878 a kusa da birnin Amritsar na yankin Punjab, cikin wani gida na Musulmi ƴan asalin Kashmir da suka gaji kokowa. Mahaifinsa, Muhammad Aziz Bakhsh, ɗan kokowar fada ne a masarautar Datia. A wancan zamani sarakunan Indiya kan ajiye ƴan kokowa kamar yadda suke ajiye dawaki da makaɗa. Sarki ne ke ciyar da su, su kuma su ɗaga sunan masarautarsa a fage.

Gama yana ɗan shekara 6 mahaifinsa ya rasu, sai dangin mahaifiyarsa suka ci gaba da horar da shi. A shekarar 1888 sarkin Jodhpur ya shirya gasar juriya, inda ƴan kokowa sama da 400 suka yi ta tsugunawa suna miƙewa don a ga wanda zai fi daɗewa. Yaron mai shekara 10 yana cikin mutum 15 da suka rage a tsaye. Saboda ƙarancin shekarunsa sarki ya ce shi ne ya ci gasar.

Wannan juriya ita ce jarinsa har tsufa. Ana ba da labarin cewa kullum yakan tsuguna ya miƙe sau 5,000, ya dafa ƙasa da hannu biyu ya sauka ya tashi sau 3,000, sannan ya kama da ƴan kokowar gidansu ɗaya bayan ɗaya. Wani zoben dutse mai nauyin kusan kilo 100 da yake ratayawa a wuya lokacin atisaye yana nan ajiye a cibiyar wasanni ta ƙasa da ke Patiala.

Rahim Bakhsh, dogon Gujranwala

Gama ba dogo ba ne, tsayinsa bai wuce mita 1 da santimita 70 da ƴan kai ba. Yana ɗan shekara 17 ya nemi karawa da Rahim Bakhsh Sultaniwala na garin Gujranwala, wanda a lokacin shi ke riƙe da kambun Indiya. Rahim ya haura mita 2, ya girme shi nesa ba kusa ba, ya kuma san sirrin fage. Jama'a sun zo kallon yadda za a yi wa yaro kaye ɗaya, sai ga shi an daɗe ana fafatawa, aka tashi canjaras.

Daga ranar sunan Gama ya bazu. Cikin shekarun da suka biyo baya ya bi manyan ƴan kokowar ƙasar yana kayar da su, amma duk lokacin da ya haɗu da Rahim sai a rabu ba kaye. Har zuwa shekarar 1910 mutum ɗaya tilo ya gagare shi a duk faɗin Indiya.

A nan akwai bambancin da ya kamata mai kallon kokowar Nijar ya sani. A filayen Nijar, da zarar mutum ya kai ƙasa an gama, makaɗa su ɗauka. A kokowar Indiya kuwa sai an kwantar da mutum rigingine, kafaɗunsa biyu sun taɓa ƙasa. Don haka karawa kan ɗauki sa'o'i, kuma wanda aka kai ƙasa yana da sauran dama matuƙar bai bari an birkice shi ba.

Tafiya Landan

A shekarar 1910 Gama ya shiga jirgin ruwa zuwa Ingila tare da ƙanensa Imam Bakhsh, wanda shi ma gwani ne. Indiya na ƙarƙashin mulkin Birtaniya a lokacin, kuma kokowar kuɗi a Landan ta koma gidajen wasan kwaikwayo, inda haɗa baki tsakanin ƴan wasa ya yi yawa. Masu shirya wasa suka raina tsayin baƙon, suka ƙi ba shi fili. Sai ya shelanta cewa zai kayar da kowane mutum uku cikin minti 30, komai nauyinsu.

Wanda ya fara amsawa shi ne Ba'amurke Benjamin Roller, likita kuma sanannen ɗan kokowa. Gama ya kayar da shi cikin minti 1 da daƙiƙa 40, aka sake kamawa ya kuma kayar da shi cikin minti 9 da daƙiƙa 10. Imam Bakhsh shi ma ya kayar da John Lemm ɗan ƙasar Suwizalan. Daga nan jaridun Landan suka fara ɗaukar baƙin da muhimmanci.

Sai aka haɗa Gama da Stanislaus Zbyszko, ɗan asalin Polan, ɗaya daga cikin ƙarfafan Turai na lokacin. An kafa kyautar fam 250 da ɗamarar da mujallar John Bull ta sa. Ranar 10 ga watan Satumba 1910 suka shiga fili a unguwar Shepherd's Bush. Cikin minti ɗaya Gama ya kai shi ƙasa. Da a Diffa ko Damagaram ne, da an ɗaga hannun Gama nan take. Amma Zbyszko, wanda ya fi shi nauyi sosai, ya kifa ciki ya manne da shimfiɗa, ya ƙi tashi, ya ƙi bari a juya shi. A haka aka shafe fiye da awa biyu da rabi, ƴan kallo na ihu, har duhu ya fara, aka ɗage karawar.

Aka sa ranar 17 ga Satumba don a ƙarasa. Gama ya zo, Zbyszko bai zo ba. Aka ba Gama ɗamara da kuɗi, kuma daga ranar mutanen ƙasarsa suka riƙa kiransa Rustam-e-Zamana, wato gwarzon duniya. Ya miƙa goron gayyata ga Frank Gotch, zakaran Amurka na lokacin, amma karawar ba ta yiwu ba. Ga talakan Indiya da Turawa ke mulka, labarin cewa ɗansu ya je har Landan an guje masa ya fi ƙarfin wasa.

Biyan tsofaffin basussuka

Da ya koma gida, tsohon bashi na jiransa. Aka haɗa shi da Rahim Bakhsh a birnin Allahabad. Rahim ya manyanta, amma bai yi abin da Bature ya yi ba, ya tsaya aka gwabza. Bayan doguwar fafatawa Gama ya yi nasara, ya karɓi kambun Rustam-e-Hind, gwarzon Indiya. Har ƙarshen rayuwarsa, in aka tambaye shi wanda ya fi ba shi wuya, Rahim yake ambata.

A shekarar 1916 ya kayar da Pandit Biddu, wani babban ɗan kokowa na zamanin. A 1922, lokacin da yarima mai jiran gadon Birtaniya ya ziyarci Indiya, ya ba shi kyautar kulkin azurfa. A wannan lokaci Gama yana ƙarƙashin inuwar sarkin Patiala, Bhupinder Singh, wanda ke ɗaukar nauyin cinsa da shansa da na yaransa.

Shi kuwa Zbyszko ya tafi Amurka, inda ya zama zakaran duniya a 1921, ya sake zama a 1925. Amma maganar ranar da ya kwanta a Landan ba ta bar shi ba. A watan Janairun 1928 sarkin Patiala ya gayyato shi don a raba gardama, wannan karon a kan ƙasa, irin ta kokowar Indiya. Dubban mutane suka taru. Dukansu biyu sun doshi shekara 50. Ba a cika minti ɗaya ba Gama ya ɗauke shi ya shimfiɗe rigingine. Gardamar da aka shekara 18 ana yi ta mutu a nan.

A watan Fabrairun 1929 ya kayar da wani Bature, Jesse Petersen, cikin minti ɗaya da rabi. Daga nan abokan karawa suka ƙare. Duk mai son kamawa da shi sai an ce ya fara da Imam Bakhsh, kuma ƙanen ya zame wa masu zuwa katanga. Gama ya ci gaba da riƙe kambunsa, amma shekaru suka yi ta wucewa ba babbar karawa, har ya yi ritaya a 1952.

Bayan sarakuna

A shekarar 1947 aka raba ƙasar gida biyu, Indiya da Pakistan, cikin zubar da jini mai yawa, musamman a Punjab. Gama ya koma Lahore da iyalinsa, ya zauna a titin Mohni. Mutanen birnin na tunawa da shi a kan cewa ya tsaya da yaransa ya kare maƙwabtansa mabiya addinin Hindu daga masu tarzoma, har suka samu suka tsallaka iyaka.

Sai dai rabuwar ta yanke shi daga fadar da ke ciyar da shi. Masarautun da suka raini kokowa sun narke cikin sababbin ƙasashe, kuma mutumin da bai san wata sana'a ba sai fage ya tsinci kansa cikin tsufa ba tanadi. Ciwon asma da na zuciya suka kama shi. Gwamnatin Pakistan ta ba shi fili da ɗan abin hannu duk wata, amma bai isa magani ba. Attajirin Indiya G. D. Birla, wanda Hindu ne mai son kokowa, ya aiko masa da rupi 2,000, ya kuma yanka masa rupi 300 kowane wata. Daga baya gwamnati ta ɗauki nauyin jinyarsa. Ya rasu a Lahore ranar 23 ga watan Mayu 1960, kwana ɗaya bayan ya cika shekara 82.

Gidan bai mutu ba. Ƴaƴan Imam Bakhsh, waɗanda Gama ya horar, su suka mamaye kokowar Pakistan bayansa, kuma babbansu Bholu ya zama gwarzon ƙasar a 1949. Jikarsa Kulsoom ta auri Nawaz Sharif, wanda ya yi firaministan Pakistan sau uku. A ranar 22 ga Mayu 2022 kamfanin Google ya sa zanen hotonsa a shafinsa na farko don tunawa da ranar haihuwarsa.

A Nijar an raɗa wa filayen kokowa sunayen mazan jiya, na Maraɗi sunan Kantu, na Doso sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram sunan Langa-Langa. Karramawa ce mai kyau. Rayuwar Gama dai ta nuna cewa ɗan kokowa na buƙatar abu biyu da ƙarfinsa ba ya ba shi: abokin karawa da zai tsaya masa yana matashi, da wanda zai riƙe shi ranar da kiɗa ya tsaya.