Malam Aminu Kano: Malamin Makaranta da Matsalar Bambancin Albashi

Gabatarwa

Duk wanda ya san unguwar Wuse II a Abuja ya san titin Aminu Kano. Haka kuma duk wanda ya je Kano ta jirgin sama, a filin jirgin da ke ɗauke da wannan suna zai sauka. Idan aka tambayi matasan yau ko wane ne mai sunan, amsar da za su bayar ba za ta wuce cewa ɗan siyasa ne, jagoran talakawa, shugaban NEPU da PRP ba. Wannan gaskiya ne. Sai dai kafin ya hau dandalin siyasa, Malam ya shafe shekara takwas, daga 1942 zuwa 1950, yana riƙe da alli a gaban allo. A cikin waɗannan shekaru ne ya yi karo da matsalar da har yau take ci wa ma'aikata tuwo a ƙwarya, wato mutum biyu su yi aiki iri ɗaya, amma a ƙarshen wata a biya ɗaya fiye da ɗaya. Wannan maƙala za ta bi rayuwar marigayin ta wannan fuska, ganin cewa da yawa daga cikinmu ɗaliban harshe aikin koyarwa ne ke jiranmu bayan kammala karatu.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Malam Aminu a unguwar Sudawa cikin birnin Kano ranar 9 ga Agusta, 1920. Mahaifinsa, Malam Yusufu, malami ne daga zuriyar Genawa, waɗanda aka sani da ilimin shari'a, kuma ya yi aikin mufti a kotun alƙali. Sunan mahaifiyarsa Rakiya. A gida ya fara karatun Alƙur'ani, sannan aka sa shi makarantar Shahuci, daga nan ya wuce Midil ta Kano. A 1937 ya sami shiga babbar kwalejin Arewa, wadda aka ɗauke daga Katsina zuwa Kaduna a 1938, ya kuma kammala a 1942. Tun yana kwaleji yake rubuta wasannin kwaikwayo da Hausa, yana amfani da su wajen sukar halayen da yake gani a tsakanin masu mulki da 'yan kasuwa. Da ya gama, sai aka tura shi koyarwa a Midil ta Bauchi, inda ya haɗu da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Yahaya Gusau a makaranta, da kuma Malam Sa'adu Zungur a cikin gari.

Tsarin Albashi a Wancan Zamani

Kafin a fahimci abin da Malam ya yi, sai an san yadda ake biyan ma'aikata a lokacin mulkin mallaka. Aikin gwamnati ya kasu gida biyu: akwai muƙaman Turawa, akwai na 'yan ƙasa, kuma tazarar da ke tsakaninsu kamar sama da ƙasa ce ta fuskar albashi da gida da hutu. Su ma malaman makaranta 'yan ƙasa ba a bakin ma'auni ɗaya suke ba, domin iyayen gidansu uku ne. Wasu na gwamnati ne, wasu na En'e, waɗanda ake biya daga baitulmalin masarauta, wasu kuma na mishan. Saboda haka sai a sami malamai biyu masu takardar shaida iri ɗaya, suna koyar da darasi iri ɗaya, amma abin da ke shiga aljihunsu ya sha bamban, kawai don hannun da ke biyansu ba ɗaya ba ne.

Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara dagula lamarin, domin farashin kaya ya yi tashin gwauron zabo, albashi kuwa yana nan inda yake. A watan Yuni na 1945 ma'aikatan jirgin ƙasa da na sauran ma'aikatun gwamnati suka shiga yajin aikin gama-gari na fiye da kwana 40, suna neman ƙarin kuɗin tsadar rayuwa, Michael Imoudu yana cikin jagororinsu. Bayan haka kwamitin Harragin ya sake fasalin albashi a 1946. An daina kiran muƙamai da sunan na Turawa da na 'yan Afirka, aka koma cewa manyan ma'aikata da ƙanana. Amma sai aka ƙirƙiro wani alawus na baro gida, wanda ake ba waɗanda aka ɗauko daga ƙetare kaɗai. Ke nan ko ɗan ƙasa ya kai muƙami ɗaya da Bature, Baturen zai fi shi kwasar kuɗi. An canza wa tuwo suna ne kawai.

Tambayar da Aka Yi a Bauchi

A 1943 aka kafa wata majalisar tattaunawa a Bauchi, inda malamai da ma'aikatan En'e da jami'an Turawa kan zauna su yi muhawara kan al'amuran yau da kullum. Malam Aminu ya riƙe mata sakatare. A wani zama, sai ya tambayi babban Di'o ma'aunin da ake bi wajen yanke wa sarki albashi. Di'on ya amsa da cewa ana duba yawan aiki ne da nauyin da ke kan sarkin. Jin haka sai Malam ya nemi a bayyana dalilin da ya sa albashin Sarkin Bauchi bai kai na Lamiɗon Adamawa ba, in dai har wannan ne ma'aunin. Ba a daɗe da wannan zama ba aka rufe majalisar. Malam da abokansa ba su watse ba, sai suka kafa wata ƙungiyar ci gaban Bauchi mai zaman kanta.

Ya kamata mai karatu ya lura da yadda aka shirya wannan tambaya. Malam bai fara da koke ba. Sai da ya sa mai iko ya faɗi ƙa'idar da bakinsa, sannan ya ɗauko misali ya aza a kanta, aka ga ba su dace ba. Abu na biyu, ba albashinsa ya kawo ba, balle a ce hassada ce ko kwaɗayi. Na sarki ya kawo, sarkin da yake cikin tsarin da shi Malam yake suka. Da wannan ya nuna cewa inda babu ma'auni bayyananne, babu wanda ya tsira, daga mai rawani har ɗan sako.

Daga Landan Zuwa Ƙungiyar Malamai

A 1946 Malam ya sami tallafin karatu na shekara ɗaya a Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan. Ya isa Ingila a lokacin da jam'iyyar Leba, wadda ƙungiyoyin ƙwadago suka haifa, take riƙe da mulki. Ya yi cuɗanya da 'yan wannan jam'iyya da kuma ɗalibai daga sauran ƙasashen da ake yi wa mulkin mallaka, ya ga yadda ma'aikata ke zama da hukuma a teburi ɗaya ta bakin wakilansu. A can ne tunanin haɗa kan malaman Arewa ya nuna.

A 1948 aka kafa Ƙungiyar Malaman Makarantun Arewa, wato NTA, Shettima Ajiram na Borno yana shugaba, Malam Aminu yana babban sakatare. A kudancin ƙasar malamai sun riga sun sami ƙungiyarsu ta NUT tun 1931, ƙarƙashin Rabaran Ransome-Kuti, amma a Arewa wannan sabon abu ne. Daga cikin abubuwan da ƙungiyar ta sa a gaba akwai haƙƙoƙin malamai da jin daɗinsu, da gyaran manhaja, da bambancin albashi tsakanin malaman Arewa da na Kudu, da kuma batun shigar malaman makarantun mishan cikinta.

Amfanin ƙungiyar a fili yake. Malamin da ke Azare bai san abin da ake biyan takwaransa na Gusau ba, balle na Ibadan. Muddin kowa na zaune shi kaɗai da takardar albashinsa, to, zargi kawai zai iya yi, ba shi da hujja. Da zarar sun zauna wuri ɗaya sun kwatanta, sai zargi ya koma lissafi, lissafi kuwa ana iya rubuta shi a miƙa wa hukuma. Kuma hukuma na iya yi wa malami ɗaya canjin wurin aiki don ta rufe bakinsa, amma ba ta iya yi wa malaman lardi goma sha biyu haka a rana ɗaya. Dama Hausawa sun ce tsintsiya ɗaya ba ta shara.

Ba a Nijeriya kaɗai ake wannan fafutuka ba a lokacin. A ƙasashen renon Faransa, ciki har da Nijar, dokar da ke ɗauke da sunan Lamine Guèye na Senegal ta 1950 ta tanadi daidaita albashi da alawus tsakanin ma'aikatan gwamnati 'yan Afirka da Faransawa. A 1951 kuma Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da yarjejeniya mai lamba 100, kan biyan maza da mata daidai a aikin da darajarsa ɗaya.

Maru da Ajiye Aiki

Hukuma ba ta ji daɗin take-taken Malam ba. Bayan komawarsa Bauchi, sai aka ɗauke shi zuwa kwalejin horon malamai ta Maru a lardin Sakkwato, nesa da abokan gwagwarmayarsa. Can ma bai yi shiru ba. A ranar 8 ga Agusta, 1950, wasu matasa takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Da yake ƙa'idar aiki ba ta yarda ma'aikacin gwamnati ya tsunduma cikin siyasa ba, sai zaɓi ya rage wa Malam: ko albashi, ko bakinsa. A watan Nuwamba na 1950 ya ajiye aiki yana ɗan shekara 30, a zamanin da masu ilimi irin nasa a Arewa ba su da yawa, kuma ƙofar manyan muƙamai ta fara buɗe musu. Mutumin da ya kafa ƙungiya don a gyara albashin malamai, shi ne ya bar nasa albashin gaba ɗaya.

Sauran Rayuwarsa

A 1953 ya zama shugaban NEPU. Magoya bayan jam'iyyar sun sha ɗauri da bulala a hannun En'e, saboda adawarsu da aikin tilas da zaluncin masu karɓar haraji. Malam ya ci zaɓen Majalisar Wakilai ta Tarayya a 1959. A zamanin Janar Yakubu Gowon ya riƙe kwamishinan sadarwa na tarayya daga 1967, sannan na lafiya daga 1971 zuwa 1974. A 1978 ya jagoranci kafa PRP, ya tsaya mata takarar shugaban ƙasa a 1979, jam'iyyar ta kuma ci kujerun gwamna a Kano da Kaduna. Gwamnatin PRP ta Alhaji Abubakar Rimi ce ta soke haraji da jangali a Kano, ta kuma ba da hutun ranar ma'aikata ta 1 ga Mayu a 1980, shekara ɗaya kafin gwamnatin tarayya ta bi sahu. Ita kuwa ƙungiyar malaman da ya assasa, ta haɗe da NUT a 1972.

Duk da hidimar siyasa, bai saki alƙalami ba. Ya bar wa masu nazarin Hausa littattafai, ciki har da tarihin rayuwar abokinsa Sa'adu Zungur. Allah Ya yi masa rasuwa ranar 17 ga Afrilu, 1983, aka binne shi a gidansa da ke Gwammaja, wanda yanzu ake kira Gidan Mambayya, cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero. Bai bar wata dukiyar a-zo-a-gani ba.

Inda Aka Kwana

Tsarin Mulkin 1999, a sashe na 17, ya ce hukuma ta tabbatar da biya daidai ga aiki daidai ba tare da nuna bambancin jinsi ko wani dalili ba. Sai dai sashen yana cikin babi na biyu, wanda ya ƙunshi manufofin da ba a cika samun damar tilasta su ta hanyar kotu ba. Shi ya sa tsohuwar matsalar iyayen gida daban-daban ba ta gushe ba. A 2024 aka sa hannu kan dokar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000. Amma a 2025 malaman firamare na Babban Birnin Tarayya, waɗanda albashinsu ke hannun ƙananan hukumomi shida na yankin, sai da suka yi yajin aiki na fiye da wata uku kan rashin aiwatar musu da shi, yara suna zaune a gida. Ƙungiyar da ta ja ragamar yajin ita ce NUT, wadda ƙungiyar Malam ta narke a cikinta.

Kammalawa

Ɗalibin da zai fita ya kama aiki a makarantar gwamnati ko ta kuɗi, ko gidan rediyo, ko wajen fassara, wata rana zai iya gano cewa na kusa da shi ya fi shi albashi alhali aikinsu ɗaya. A irin wannan hali wasu kan haɗiye abin su yi ta gunaguni, wasu su rage ƙwazo, ɗalibai su kwana a ciki, wasu kuma su ɗauki gaba da abokin aikin, wanda ba shi ya yanka albashin ba. Tarihin Malam Aminu ya nuna wata hanyar. A nemi sanin ƙa'idar da ake bi, a tattara hujja a auna ta da ƙa'idar, a nemi sauran waɗanda abin ya shafa, sannan a yi magana da murya ɗaya a rubuce. Ya kuma nuna cewa wannan hanya tana da tsada, domin shi ta ja masa rufe majalisa da canjin wurin aiki, daga ƙarshe ya bar aikin ma. Allah Ya jiƙan Malam, Ya kyautata makwancinsa, amin.