Fritz Walter, ɗan ƙwallon da ke son ruwan sama

A ƙasar Jamus akwai wani gari da ake kira Kaiserslautern. Ba babban birni ba ne, bai kai Njamena girma ba ko kusa. Yana yammacin ƙasar, ba nisa da iyakar Faransa, kuma kurmi ya kusa kewaye shi. A nan aka haifi Fritz Walter ranar 31 ga watan Oktoba, 1920. Jamusawa suna faɗin sunan kamar Firits Balta.

Shi ne babba cikin ƴaƴa biyar. Mahaifinsa ne ke riƙe da gidan cin abinci na ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta garin. Saboda haka yaron ya tashi yana jin hirar ƴan wasa safe da yamma. Shi da ƙannensa Ludwig da Ottmar sukan buga ƙwallo a kan titi, kamar yadda kuke yi a unguwa bayan an tashi daga makaranta. A 1928 aka ɗauke shi cikin ƙungiyar yara. Da ya gama makaranta sai ya koyi aikin banki. Yana da shekara 17 ya fara wasa tare da manya.

Fritz ɗan wasan tsakiya ne. Kun san aikin ɗan wasan tsakiya? Shi ne yake karɓo ƙwallo daga ƴan baya, ya ɗaga kai ya duba, sa'an nan ya miƙa wa ƴan gaba. Kamar uwar gida yake wajen rabon tuwo: ta san wanda za ta ba, da lokacin da za ta ba shi. Fritz ba ƙato ba ne, ba kuma mai ture mutane ba. Abin da Allah ya ba shi shi ne ido. Kafin ƙwallo ta iso ƙafarsa ya riga ya san inda zai tura ta. Idan kuma ya ga hanya, shi da kansa yakan jefa ta a raga.

Mai horar da ƴan wasan ƙasa, Sepp Herberger, ya ji labarinsa ya kira shi. Ranar 14 ga Yuli, 1940, Fritz ya buga wa Jamus wasansa na farko. Suka ci Romaniya 9 da 3. Uku daga ciki nasa ne.

Amma lokacin ba na wasa ba ne. Tun 1939 Jamus, a ƙarƙashin Hitila, ta tada yaƙin duniya na biyu. Wannan yaƙi ya taɓa ƙasarmu ma. A 1940 Cadi, ƙarƙashin gwamna Félix Éboué, ta bi bayan Janar de Gaulle. A watan Janairu na 1942 wani jirgin saman Jamus ya jefa bama-bamai a Fort-Lamy, garin da yau muke kira Njamena. Shi kuwa Fritz, an sa masa kayan soja kamar sauran samarin ƙasarsa. Aka kai shi Faransa, daga baya aka kai shi Sardiniya, wani tsibiri a tekun Bahar Rum. A can sauro ya cije shi, ya kamu da zazzaɓin cizon sauro.

Wannan ciwo ba baƙo ba ne gare ku. Kun san yadda yake karya jiki. Fritz ya warke, amma tun daga ranar ba ya iya jure zafin rana. Idan rana ta ƙwalle sai ƙafafunsa su yi nauyi. Idan hadari ya haɗo aka fara yayyafi, sai ka ga kamar an sake shi. Da a Njamena yake, da watan Afrilu ya wahalar da shi ƙwarai, da kuma ba wanda zai kama shi a watan Agusta. Har yau, idan ana ruwa ranar wasa, Jamusawa sukan ce an samu yanayin Fritz Walter.

A 1945 Jamus ta sha kashi. Aka kama Fritz, aka tsare shi a wani sansani a garin Sighet na ƙasar Romaniya. Daga nan ake kwasar fursunoni zuwa cikin Rasha don aikin ƙarfi. Da yawa daga waɗanda aka kai ba su dawo ba.

Ga yadda shi kansa ya riƙa ba da labarin. Wata rana da yamma masu gadin sansanin suna buga ƙwallo, shi kuma yana gefe yana kallo, ga yunwa, ga rama. Sai ƙwallo ta gangaro wajensa. Ya mayar musu da ita da gwaninta. Suka kira shi ya shiga wasan. Da aka tafi hutun rabin lokaci, sai wani mai gadi ya tsura masa ido. Ashe mutumin yana cikin ƴan kallo a birnin Budapest a watan Mayu na 1942, ranar da Jamus ta ci Hangari 5 da 3, Fritz ya ci biyu. Mai gadin ya shaida wa Rashawa cewa wannan fursuna mutumin yankin Saar ne, yankin da ya koma hannun Faransa. Ba gaskiya ba ne, amma da haka aka cire sunansa daga cikin masu tafiya. A ƙarshen Oktoba na 1945 ya koma gida tare da ƙanensa Ludwig. Har ya tsufa yana ɗaukar wannan wasa na sansani a matsayin mafi girma a rayuwarsa.

Ya tarar da garinsu a rushe. Ba abinci, ba kuɗi. Ya tattara ƴan wasan da suka rage, ya zama shi ne kyaftin, shi ne mai horarwa. Sukan je ƙauyuka su yi wasa a biya su da dankali ko gawayi. Sannu a hankali ƙungiyar ta miƙe. A 1951 ta zama zakarar Jamus ta Yamma, domin a lokacin an raba ƙasar gida biyu. A 1953 ta sake zama zakara. Manyan ƙungiyoyi na ƙasashen waje, kamar Atlético ta birnin Madrid, suka zo da kuɗi masu yawa suna nemansa. Ya yi shawara da matarsa Italia, wadda ya aura a 1948, suka zaɓi zama a gida.

A 1954 aka yi gasar cin kofin duniya a ƙasar Suwizalan. Kowa ya ɗauka Hangari ce za ta ɗauki kofin. Shekara huɗu ba wanda ya ci ta. Ta je har London ta ci Ingila 6 da 3. Kyaftin ɗinta shi ne Ferenc Puskás, mai ƙafar hagu kamar bindiga. A zagayen farko ma ta lallasa Jamus 8 da 3. Mutanen gida suka yi ta zagin Herberger. Amma dattijon yana da dabara: a ranar ya ajiye da yawa daga gwanayensa su huta.

Jamus ta ci Turkiyya, ta ci Yugoslabiya. A wasan kusa da na ƙarshe ta ci Ostiriya 6 da 1. Fritz ya ci biyu, ƙanensa Ottmar ma ya ci biyu. Sai ga su sun sake haɗuwa da Hangari a wasan ƙarshe, a birnin Bern, ranar 4 ga Yuli.

Fritz mutum ne mai saurin damuwa. Kafin babban wasa yakan rasa sukuni. Shi ya sa Herberger ya haɗa shi ɗaki ɗaya da Helmut Rahn, sarkin barkwanci, don ya riƙa ba shi dariya. A ranar kuwa ya samu abin da ya fi barkwanci, domin kafin a fara wasa ruwa ya sauko. Wani mai ɗinkin takalma, Adi Dassler, wanda ya kafa kamfanin Adidas, ya ɗaura wa takalman Jamusawa dogayen ƙusoshi don kada santsi ya kwashe su.

Duk da haka, cikin minti 8 Hangari ta ci biyu. A minti na 10 Max Morlock ya rama ɗaya. A minti na 18 Fritz ya bugo kwana, ƙwallo ta wuce kan kowa ta sauka gaban Rahn, ya tura ta raga. Aka koma biyu da biyu. Daga nan Hangari ta yi ta kai hari, mai tsaron gida Toni Turek yana tarewa, wani bugun ma ƙarfen raga ne ya mayar da shi. Saura minti 6 a tashi, Rahn ya sake ci da ƙafar hagu. Puskás ya jefa wata a raga, alƙalin wasa ya ce ya yi satar gida. Aka tashi 3 da 2.

Wani dattijo Bafaranshe, Jules Rimet, shi ya miƙa wa Fritz kofin, yana tsaye jiƙe sharkaf. Biyar daga cikin ƴan wasa 11 na ranar daga ƙungiyar Kaiserslautern suke. Fritz da Ottmar su ne wa da ƙane na farko da suka ci kofin duniya tare. A Jamus mutane sun taru a gaban rediyo suna saurare, wasu har da hawaye. Shekara tara ke nan da ƙare yaƙi, ba su ga abin murna irin wannan ba.

Fritz ya sake zuwa gasar 1958 a Suwidin yana da shekara 37. A wasan kusa da na ƙarshe aka ji masa rauni, Jamus ta faɗi 3 da 1. Wannan ne wasansa na ƙarshe wa ƙasarsa. Ya buga mata wasa 61, ya ci ƙwallo 33. A 1959 ya ajiye takalmi.

Bayan haka ya ɗauki wani aiki da ba a cika ba da labarinsa ba. Shekara da shekaru yana zuwa gidajen yari inda ake tsare da samari. Yakan zauna da su, ya saurare su, su yi hirar ƙwallo da ta abin da za su yi in sun fita. Ai ya san zaman tsare.

Kamar yadda aka sa wa filin wasa na Njamena sunan Idriss Mahamat Ouya, gwanin tsalle, haka a 1985 aka sa wa filin Kaiserslautern sunan Fritz Walter, yana da rai. Matarsa ta rasu a ƙarshen 2001. Shi ma ya bi ta ranar 17 ga Yuni, 2002, yana da shekara 81, ana tsakiyar gasar kofin duniya. Ƴan wasan Jamus suka ɗaura baƙin ƙyalle a hannu a wasansu da Amurka. Bayan shekara huɗu gasar ta zo Jamus, aka buga wasa biyar a filin da ke ɗauke da sunansa. A na farko, ranar 12 ga Yuni, 2006, Ostireliya ta ci Japan 3 da 1.