DORUGU: ƊAN DAMAGARAM DA YA KAI HAUSA INGILA

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilmi, amma ba kowane matafiyi ne yake barin gida da son ransa ba. Dorugu yana cikin waɗanda ƙaddara ta fitar da su.

An haife shi wajen shekarar 1840 a Dambanas, kusa da Kance, cikin ƙasar Damagaram. Yana yaro mahara suka kama shi, aka raba shi da iyayensa, ya yi ta sauya iyayengiji har ya faɗa Kukawa, babban birnin Barno. A can ne wani Bature Bajamushe, Adolf Overweg, ya 'yanta shi, kamar yadda ya 'yanta wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Da Overweg ya rasu cikin 1852, yaran biyu suka koma hannun abokin tafiyarsa, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da sunan Abdulkarim.

Tare da Barth suka bi ta Katsina da Sakkwato da Gwandu, suka haye Kwara a Sayi, suka isa Tumbuktu cikin Satumba 1853. Bayan sun komo Kukawa, suka keta hamada zuwa Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa, suka sauka Landan cikin Satumba 1855. Dorugu bai fi shekara goma sha shida ba a lokacin.

A Ingila ya zauna wurin wani limamin mishan, James Schön, wanda ya daɗe yana nazarin Hausa amma ba shi da Bahaushen da zai ji ta daga bakinsa. Dorugu ya riƙa ba shi tatsuniyoyi da labarin rayuwarsa, shi kuwa yana rubutawa da boko. Da taimakon wannan yaro Schön ya fitar da littafin nahawun Hausa cikin 1862, da ƙamus cikin 1876, sannan Magana Hausa cikin 1885, inda labarin Dorugu ya fito.

Abin da ya ba labarin daraja shi ne, ya juya madubi. An saba Bature ne yake zuwa ya dube mu ya rubuta. A nan kuwa Bahaushe ne ya dubi Turawa a gidajensu, ya bayyana yadda suke zama da yadda suke cin abinci, ba tare da ya raina su ko ya raina kansa ba.

Abbega ya riga shi komowa, daga baya har ya zama sarkin Lakwaja. Dorugu bai dawo ba sai 1864. Ya yi aikin tafinta shekaru masu yawa, a ƙarshe ya koyar a makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano cikin 1909. A nan ya rasu cikin 1912.

Bauta ta raba Dorugu da gida da dangi, amma ba ta raba shi da harshensa ba. Ɗalibanmu da ma'aikatanmu masu zuwa ƙasashen waje neman ilmi suna tafiya da fasfo da guzuri. Shi ba abin da ya tafi da shi sai Hausar da ya sha a nono, kuma da ita ya bar abin da har yau ake karantawa. Ya kamata kowane mai shirin tafiya ya tambayi kansa abin da zai kai can, da abin da zai komo da shi.